Tebes ɗin Odifus da Tebes ɗin Fir'aunoni, gari ɗaya ne?

Tambaya: "Malam barka da warhaka. A aji muna karanta wasan kwaikwayon Sarki Odifus, an ce a garin Tebes abin ya faru, to jiya kuma na kalli wani shiri kan tarihin Masar sai naji suna cewa Tebes ce hedikwatar fir'aunoni, gashi a duka biyun akwai wannan halittar mai jikin zaki da kan mutum. Shin gari ɗaya ne, ko kuwa Girkawa ne suka je suka kafa na Masar ɗin?"

Barka kadai ƙanwata. Ba gari ɗaya bane, kuma babu wanda ya kafa wani. Na Odifus yana ƙasar Girka a wani yanki da ake kira Boyotiya, arewa maso yamma da Atina, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota, har yau akwai mutane a ciki suna ce masa Tiba. Na fir'aunoni kuma yana bakin kogin Nilu sama da kilomita 600 kudu da Alƙahira, shine inda garin Luksor yake yanzu. A littattafan Turanci duka biyun Thebes zaki gani an rubuta, shiyasa ba ke kaɗai abin ya rikita ba. Kuma abinda zai baki mamaki shine su Misirawan da suka gina nasu birnin basu taɓa kiransa da wannan suna ba, Girkawa ne suka laƙa masa, sunan baƙi ya danne na 'yan gida har yau.

Kai ba ma biyu bane. A cikin Iliyad kaɗai, waƙar nan ta Homa kan yaƙin Taroy wadda aka tsara wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya, garuruwa uku ne ke amsa sunan. Da yake shi ma mawaƙin ya san za a rikice sai yake ɗaura wa kowanne alama, kamar yadda in kika ce Tudun Wada dole a tambaye ki ta Zariya ko ta Kano. Na Girka shine "mai ƙofa bakwai". Na Masar "mai ƙofa ɗari". Na ukun kuma ƙaramin gari ne a gindin dutsen Plakos, a yammacin Turkiyya ta yau kusa da gaɓar Edremit.

Wannan na ukun ba kowa ya san shi ba amma ni shi ya fi taɓa ni. Nan ne garin su Andromaki matar jarumi Hekto, a kashi na 6 na waƙar tana tsaye da mijinta ga jaririnsu a hannun mai raino, tana roƙonsa kar ya koma fagen daga, take tuna masa yadda Akilis, jarumin Girkawa, ya ci garinsu ya kashe babanta Sarki Etiyon, sai dai ya ji nauyin ya tuɓe masa kayan yaƙi don haka ya ƙone gawar da sulkenta a jiki, sannan 'yan uwanta maza bakwai duk a rana ɗaya ya kashe su suna wajen kiwon shanu da tumaki. To ki juya zuwa kashi na 9, lokacin da aka turo wa Akilis 'yan aike su lallashe shi ya dawo yaƙi. Sun same shi zaune yana kaɗa molo mai adon azurfa, kuma mawaƙin ya faɗa ƙarara cewa molon ganima ce daga garin Etiyon. A wannan zaman ne yake ce musu ko Agamemnon shugaban rundunarsu zai bashi duk dukiyar Tebes ta Masar, mai ƙofa ɗari da kowace ƙofa mayaƙa 200 ke fita da dawakai da karusai, ba zai huce ba. Kinga kenan, molon wata Tebes a hannunsa, bakinsa kuma na ambaton wata.

Maganar ƙofa ɗari kuwa kar ki ɗauke ta a zahiri, birnin Masar ɗin bai da ganuwa mai ƙofofi haka, tun zamanin da marubucin tarihi Diyodorus ya kawo ra'ayin cewa manyan ƙofofin haikalai ake nufi, kuma duk wanda ya ga hoton Karnak, babban haikalin birnin, zai gane.

To ta yaya sunan ya tsallaka teku? Misirawa Waset suke ce wa birninsu, sau da yawa ma kawai "Birni" suke cewa ko "Birnin Amun" abin bautarsu, shine wanda ya fito a littafin Nahum na Baibul da sunan No-Amon inda ake maganar ranar da Assuriyawa suka wawashe shi, a shekara ta 663 kafin Miladiyya. Babu inda Waset ta yi kama da Tebai, wato yadda Girkawan da kansu ke furta sunan. Abinda masana suka fi karkata a kai shine baƙin sun ji ana kiran wani ɓangare na birnin da wani suna da yayi musu kama da na garinsu, wasu sun ce Ta-ipet ne, sunan wajen haikali a gabashin kogi, wasu sun ce Jeme ne, unguwar da ke yamma inda ake kira Madinat Habu yanzu, sai kawai kunnensu ya lanƙwasa shi zuwa abinda suka sani. Kuma wannan halinsu ne ba a nan kaɗai suka yi ba. Garin Abju na Masar suka mayar da shi Abidos saboda suna da wani Abidos ɗin a mashigin Dardanel. Wajen fasa dutse na Tura kusa da Alƙahira suka ce Taroy ne, har suka ƙaga labarin wai fursunonin yaƙin Taroy ne suka zauna a wajen, marubucinsu Strabo ya rubuta shi. Amun suka ce ai Zeyus ɗinsu ne, shiyasa a takardun hukuma na zamanin da Girkawa ke mulkin Masar sunan birnin Diyospolis Babba, birnin Zeyus kenan. Manyan gumakan nan biyu na Fir'auna Amenhotep na 3 da ke zaune a yammacin Luksor suka ce na Memnon ne, wani jarumi a tatsuniyarsu, kuma har gobe haka 'yan yawon buɗe ido ke kiransu. Mutanen nan in sun je garinka sai sun raɗa maka suna kafin su tafi.

Wani abin daɗi, a bayan waɗannan gumakan biyu, cikin kangon haikalin Amenhotep ɗin da ake kira Kom el-Hetan, an tono gindin wani gunki da aka zana jerin sunayen garuruwan yankin Girka da Karita, akwai Knossos akwai Maisini, akwai kuma wani suna da masana da dama ke karantawa a matsayin Tebes ta Girka. Wannan ƙarni na 14 ne kafin Miladiyya. Wato tun kafin Girkawa su ba Waset aron sunan, Waset ta riga ta rubuta shi a dutse a matsayin sunan wani gari can ƙetaren teku.

Shi na Girkan tsohon gari ne na gaske ba na tatsuniya kawai ba. Tsakanin 1993 da 1995 an haƙo allunan yumɓu sama da 200 a tsakiyar garin, masu irin tsohon rubutun nan na fadojin sarakunan Girka da wani Bature Michael Ventris ya warware a 1952, kuma sunan garin na cikin irin waɗannan rubuce-rubucen, te-qa. Mafi yawa lissafin rabon hatsi ne da makamantansu, ba waƙa ba labari, aikin akawu zalla. Kafin nan a 1963 an samu tarin hatimai na shuɗin dutse mai tsada da suka fito tun daga Babila, kinga fadar tana da hulɗa da gabas sosai.

Hakan ya sa wasu ke kallon tatsuniyar kafa garin da wani ido, don ita ma daga gabas ta ɗauko mai kafawar. Wai Kadmus ɗan sarkin Taya ne, a Lebanon ta yau, aka sace 'yar uwarsa Yuropa, uban ya ce ya fita nema kar ya dawo sai da ita. Ya gaji da yawo ya je wajen bokanyar Delfi, aka ce ya bar neman, ya bi wata saniya duk inda ta kwanta ya kafa gari. Da ta kwanta ya aika mutanensa ɗebo ruwa, wani ƙaton maciji da ke tsaron marmaron ya cinye su, ya kashe macijin ya shuka haƙoransa a ƙasa, sai ga mayaƙa sun tsiro da makamansu, ya jefa dutse a tsakaninsu suka hau kashe juna har saura biyar, daga biyar ɗin nan ne wai manyan gidajen Tebes suka fito. Ki lura da kyau, garin tun ranar farko da 'yan uwa suna kashe juna aka buɗe shi, kuma haka labaransa za su yi ta tafiya. Tudun da fadar take har yau Kadmiya ake ce masa. Marubucin tarihi Herodotus kuma ya ce mutanen Kadmus ne suka kawo wa Girkawa haruffa, ya ce ma ya ga tsohon rubutun da idonsa a wani haikali a garin. Cewa baƙaƙen Girka daga na Finikiyawa suka samo asali gaskiya ne, Kadmus ɗin ne dai ba mai iya nuna miki kabarinsa. Sunan garin kansa kuma tatsuniya ta ce na wata mace ce, Tebe, matar Zetus, ɗaya daga tagwayen da suka gina ganuwar, shi yana ɗaukar duwatsu da ƙarfi ɗan uwansa Amfiyon kuma yana kaɗa molo duwatsun na tafiya da kansu suna jeruwa.

Yanzu ga halittar da ta haɗa miki zaren, wadda Girkawa ke kira Sfinks. Ta Odifus mace ce, mai fukafukai, tana zaune bakin hanyar gari tana yi wa matafiya kacici-kacici, wane abu ne da safe ƙafa huɗu da rana biyu da yamma uku, wanda ya kasa ta cinye shi, Odifus ya ce mutum ne, ta faɗa daga kan dutse ta mutu. Na Masar namiji ne, ba fukafuki, fuskar sarki ce a jikin zaki, aikinsa gadi ba ya tambayar kowa komai, kuma babban da kike gani a hotuna wanda Larabawa ke kira Abul Haul a Giza yake kusa da Alƙahira, ba ma a Tebes ba. A Luksor dai akwai titin da aka jera ƙanana ɗaruruwa daga Karnak zuwa haikalin Luksor, kusan kilomita 3, wanda aka sake buɗewa a Nuwambar 2021. Nan ma Girkawa ne suka ga jikin zaki da kan mutum suka kira shi da sunan dodanniyarsu.

Abinda nake so ki riƙe in kin koma aji shine waye ya rubuta labarin Tebes da duniya ta sani. Ba 'yan Tebes bane. Eskilus da yayi wasan jarumai bakwai da suka kai wa garin yaƙi a 467 kafin Miladiyya, Sofokilis mai Odifus da Antigoni, Yurifidis mai wasan da uwa ta yayyaga ɗanta Sarki Fentiyus da hannunta cikin hauka, duk 'yan Atina ne, kuma Atina da Tebes maƙwabta ne da basa ga maciji da juna. Lokacin da Farisa ta kawo yaƙi a 480 shugabannin Tebes suka bi bayan Farisa, a yaƙin Plataya na 479 a sahun Farisawa suka tsaya, 'yan Atina basu taɓa mantawa ba. Don haka duk wani abin kunya da basa so a ce a gidansu ya faru, ɗa ya kashe uba ya auri uwa, wa da ƙani su soke juna a ƙofar gari kan sarauta, sarki ya hana a binne gawa, sai a kai shi Tebes, 'yan kallo na zaune a Atina suna girgiza kai suna cewa Allah ya kyauta. In kin karanta wasan ƙarshe na Odifus ma zaki ga da aka kore shi yana makaho a ƙasar Atina ya samu mafaka wajen Sarki Tesiyus. Wata masaniya 'yar Amurka, Froma Zeitlin, tayi fitaccen nazari kan haka, ta nuna a dandalin wasa Tebes kishiyar Atina ce. Tatsuniyoyin sun girmi waɗannan marubutan, ba su suka ƙirƙira ba, amma su suka zaɓi wanda za a yi ta maimaitawa, kuma dai kin san mai alƙalami a hannu baya rubuta kansa ɗan wuta. Har zagi suke da shi, aladen Boyotiya, wai mutanen yankin daƙiƙai ne sai ci, alhali Pinda babban mawaƙin Girka ɗan Tebes ne, Hesiyod da Plutak ma 'yan yankin ne.

A ganina an zalunci garin nan, don tarihinsa na gaske ya fi na wasan armashi. A 382 kafin Miladiyya sojojin Sparta suka mamaye Kadmiya da yaudara, bayan shekara uku Pelopidas ɗan Tebes da 'yan tsirarun abokansa suka shigo da dare, wasunsu sanye da kayan mata, suka kashe 'yan koren Sparta a wajen shagali. A 371 a Liyuktra janar ɗin Tebes Epaminondas yayi abinda ba a saba ba, ya tara ƙarfinsa a hannun hagu sahu 50 a jere maimakon 12 na Sparta, ya doki daidai inda sarkinsu yake, Sarki Kleyombrotus ya mutu, cikin 'yan asalin Sparta 700 da suka zo wajen 400 basu koma gida ba. Daga ranar Sparta bata sake miƙewa kamar da ba, sannan Epaminondas ya wuce ya 'yanta mutanen Mesiniya da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yi wa Sparta bauta. Sai dai abin bai daɗe ba, ya mutu a Mantiniya a 362. Wani yaro ɗan sarautar Makidoniya da aka ajiye jingina a Tebes a shekarun nan yana kallon yadda suke horar da soja, Filibus kenan, shi ya dawo ya murƙushe su a Keroniya a 338. Ɗansa Iskandar kuma a 335 da suka yi tawaye ya rushe garin ƙurmus, an kashe wajen 6,000 aka sayar da wajen 30,000 bayi, cikin gidajen mutane na Pinda aka ce ya bari a tsaye. Kasanda mai mulkin Makidoniya ya sake gina shi bayan kimanin shekara 20. Can a zamanin Rumawan gabas ya sake yin suna da saƙar siliki, har a 1147 sojojin Sarki Roja na 2 na Sisili suka kwashe masaƙan suka kai Palermo.

Akwai ta huɗu ma a Tesaliya kusa da Bolos ta yau, wadda Filibus na 5 na Makidoniya ya ci a 217 kafin Miladiyya ya canza mata suna, amma ba wani dogon labari gare ta ba.

Daga nan sunan ya zama na kowa. Mawaƙin Rum Statiyus yayi doguwar waƙa kan yaƙin 'ya'yan Odifus, Faransawa suka sake ta a ƙarni na 12, likitan nan Froid ya ɗauki sunan Odifus ya kai ilimin halayyar ɗan Adam. Mu nan Najeriya wanda ya fi kusa da ke shine Ola Rotimi, wasansa The Gods Are Not to Blame da aka fara nunawa a Ife a 1968, ya ɗauke labarin gaba ɗaya ya kai ƙasar Yarabawa, Tebes ta koma Kutuje, Odifus ya koma Odewale, ita kuma mai kacici-kacicin ya cire ta ya sa yaƙi da mahara a madadinta, in malaminku ya ce ku kwatanta biyun to nan ne wajen farawa. Wole Soyinka ma ya sake wasan Yurifidis ɗin a 1973. Mandela ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa a kurkukun tsibirin Robben sun yi wasan Antigoni shi ya fito a Sarki Kiriyon, wanda ya hana binne gawa. Duk waɗannan ta Girka ce. Amma littafin Najib Mahfuz na 1944, Kifahu Ɗiba, ta Masar ce, labarin yadda gidan Ahmos ya kori Hiksos, baƙin da suka mamaye arewacin Masar, daga ƙasar.

Tunda na ambaci Larabci bari in ja kunne, don na ga masu haɗawa. In ba a sa wasali ba, Ɗiba ta Masar da Ɗaiba sunan Madina baƙaƙensu iri ɗaya ne, amma basu haɗa komai ba. Ɗaiba daga ɗayyib take, Larabci tsantsa. Ɗiba kuma sunan Girkancin nan ne aka rubuta da baƙaƙen Larabci, su mutanen wajen Al-Uƙsur suke cewa, wato fadoji, shine Turawa suka mayar Luksor.

Amurkawa ma sun ɗauka. A kudancin jihar Illinois akwai yankin da ake yi wa laƙabi da Ƙaramar Masar, akwai garin Alƙahira a inda kogin Ohayo ya haɗu da Misisipi, akwai Karnak, akwai ɗan ƙauyen Tebes a bakin Misisipi mai gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1905, wannan karan ta Masar aka kwaikwaya da sunan da ba nata ba. A sama kuma ɗaya daga ƙananan watannin duniyar Jupita sunansa Tebe, Stephen Synnott ya gano shi a hotunan kumbon Voyager 1 na 1979, aka bashi sunan 'yar ruwan tatsuniya. In kina da 'yan uwa masu karatun haɗa magunguna ki tambaye su wani sinadari da ake samu a tsiron ofiyom mai suna tebayin, wanda ake sarrafa wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi da shi, sunansa daga Tebes ta Masar yake saboda yankin yayi suna da ofiyom a da.

In kika nemi hotuna zaki ga ta Masar cike da ginshiƙai da kaburburan sarakuna, can ne Howard Carter ya buɗe kabarin Tutankamun a 1922, UNESCO kuma ta sa wajen a jerin kayan tarihin duniya a 1979, ta Girka kuwa sai ki ga gari kawai mai shaguna da benaye, ki ce ina ƙofofi bakwai ɗin. Dalili shine garin yanzu a kan Kadmiya ɗin yake zaune daram, ga rushewar Iskandar ga girgizar ƙasa ta 1853 da ta 1893, don haka masu haƙa basa samun fili sai in wani zai yi gini ko hukuma zata fasa titi, allunan 1993 ɗin ma aikin shimfiɗa bututu ne a titin Pelopidas ya tono su. Abinda aka samu yawanci yana gidan tarihin garin da aka sake buɗewa a 2016, kusa da wata tsohuwar hasumiya da Faransawan da suka mulki garin a ƙarni na 13 suka bari.